Daga Ramin Kwal zuwa Allon Kwamfuta: Nazarin Sauya Sana'a a Yankin Appalachia na Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yunƙurin da aka yi a yankin Appalachia na Amurka tsakanin 2014 da 2019 na mayar da ma'aikatan kwal da sauran masu aikin ƙarfi zuwa sana'o'in fasahar sadarwa. An ɗauki shirye-shirye uku, wato Bit Source da Interapt da Mined Minds, aka auna su da abin da masana tattalin arzikin ƙwadago suka gano game da makomar ma'aikatan da aka sallama daga aiki. Maƙalar ta tsaya a kan cewa abubuwa uku ne suka raba shirin da ya ɗore da wanda ya wargaje: wanda ke ɗauke da cin mai koyo a lokacin koyo, wanda ke jiran ɗaukarsa bayan ya gama, da kuma tazarar da ke tsakanin tsohon aikinsa da sabon.

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilun 2014, tsohon magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya faɗa a wani taro kan makamashi cewa ba za a iya koya wa mai haƙar kwal rubuta manhajar kwamfuta ba. A watan Disambar 2019 kuma, Joe Biden, lokacin yana neman takarar shugaban ƙasa, ya shaida wa masu sauraronsa a jihar New Hampshire cewa duk mutumin da zai iya nutsawa cikin ramin ma'adini ya yi aiki, to lallai zai iya koyon wannan sana'a. Maganganun biyu kishiyoyin juna ne, amma tushensu ɗaya: dukansu sun ɗauki lamarin a matsayin tambaya kan ƙwaƙwalwar lebura, ko tana ɗauka ko ba ta ɗauka.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan tambaya ta daɗe da samun amsa, kuma amsar ba ta warware komai ba. An koya wa masu haƙar kwal rubuta manhaja, sun kuma iya. Abin da ya rage a bincika shi ne dalilin da ya sa waɗanda suka tsallaka ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da waɗanda suka rasa aiki, da kuma sharuɗɗan da suka cika a inda tsallakawar ta yiwu.

Yana da kyau a fara da girman matsalar. A 1923 masu haƙar kwal a Amurka sun haura 800,000. Injuna ne suka fara cinye wannan adadi, sannan aka karkata zuwa haƙar sarari a jihar Wyoming, inda mutum ɗaya da babbar mota ke fitar da abin da mutane da yawa ke fitarwa a ramukan gabas. Bugu na ƙarshe ya zo ne daga arhar iskar gas bayan 2008. Kwal da ke samar da kusan rabin wutar lantarkin ƙasar a 2005 ya faɗo zuwa wajen kashi 30 cikin ɗari a 2016, shekarar da iskar gas ta sha gabansa. Ma'aikatan masana'antar suka ragu daga kusan 90,000 a farkon 2012 zuwa wajen 50,000 a 2016. A gabashin jihar Kentucky kaɗai, adadin ya zube daga kusan 14,000 a 2011 zuwa ƙasa da 4,000 cikin shekara biyar. Waɗannan ayyuka ne da a lokacin kan biya dala 60,000 zuwa sama a shekara ga mutumin da bai wuce sakandare ba, a gundumomin da suke cikin mafiya talauci a ƙasar.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Mafarin duk wata tattaunawa kan sauya sana'a shi ne ra'in jarin ɗan'adam na Becker (1964), wanda ya raba ƙwarewa gida biyu: gama-gari, wadda ma'aikaci ke tafiya da ita duk inda ya koma, da keɓantacciya, wadda amfaninta ya tsaya ga ma'aikata guda. Bisa wannan rabo, mai haƙar kwal da aka rufe raminsa ya yi asarar mafi yawan jarinsa. Binciken Jacobson da LaLonde da Sullivan (1993) a jihar Pennsylvania ya ƙarfafa wannan fahimta, domin sun gano cewa ma'aikatan da suka daɗe a kamfani, aka kuma sallame su da yawa a lokaci guda, suna ci gaba da samun abin da ya gaza na da da kusan kashi 25 cikin ɗari ko bayan shekara biyar.

Daga baya masana suka ga rabon Becker ya yi kauri. Autor da Levy da Murnane (2003) sun ba da shawarar a daina kallon sana'a a dunƙule, a farfasa ta zuwa ƙananan ayyukan da ke cikinta, a bambance na maimaici da na warware matsala, ko da hannu ake yin su ko da ƙwaƙwalwa. Gathmann da Schönberg (2010) sun ɗora a kan wannan da bayanan ma'aikatan Jamus. Sun nuna cewa mutane kan koma sana'o'in da ayyukansu suka yi kama da na wadda suka baro, cewa nisan tsallen yana raguwa gwargwadon daɗewar mutum a aiki, kuma ƙwarewar da ke bin nau'in aiki tana iya bayyana har kashi 52 cikin ɗari na ƙaruwar albashi. Wannan ma'auni shi ne za a riƙa kira tazarar ayyuka a cikin maƙalar.

A ɓangaren horarwa, sakamakon bai zo da murya ɗaya ba. Tantancewar da cibiyar Mathematica ta fitar a 2012 kan shirin gwamnatin tarayya na tallafa wa waɗanda cinikin ƙasa da ƙasa ya raba da aiki ta gano cewa, a shekara ta huɗu, waɗanda suka shiga shirin suna samun abin da ya gaza na takwarorinsu da kusan dala 3,300. Hyman (2018) ya bi wata hanya ya sami akasin haka, wato riba mai kauri a cikin shekara goma, sai dai ribar tana dusashewa a ƙarshen wa'adin. Card da Kluve da Weber (2018), da suka tattara sakamakon nazarce-nazarce fiye da 200, sun lura cewa tasirin horo ƙanƙane ne a shekarar farko, sai bayan shekara biyu ko uku yake bayyana. Inda aka fi samun haske shi ne shirye-shiryen da ke horar da mutane domin wata masana'anta takamaimai tare da haɗin guiwar masu ɗaukar aiki. Katz da abokan aikinsa (2022) sun duba gwaje-gwajen da aka yi ta hanyar ƙuri'a a kan irin waɗannan, ciki har da Per Scholas da Year Up masu koyar da aikin kwamfuta, suka ga ƙarin samu na kashi 14 zuwa 39 cikin ɗari a shekarar da ta biyo bayan horo.

Akwai kuma mazhabar da ke kallon koyo a matsayin shiga cikin jama'ar masu sana'a. Lave da Wenger (1991) sun kawo misalin telolin Laberiya, inda yaron shago ke farawa da guga da ɗinka maɓalli, sannan ɗinki, yanka kuwa sai a ƙarshe. Tun ranar farko yana taɓa kayan da kwastoma zai biya kuɗinsu. Muhawarar siyasa kan masu haƙar kwal ba ta waiwayi wannan mazhaba ba, alhali ita ce ta fi bayyana abin da ya faru a Kentucky.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanta misalai. An zaɓi shirye-shirye uku da suka yi tarayya a yanki da zamani da manufa, suka kuma bambanta a tsari da sakamako. Bayanan da aka yi amfani da su iri biyu ne. Na farko rahotannin manyan jaridu da sanarwar hukumomin da suka ba da kuɗi, waɗanda ke nuna adadin masu nema da waɗanda aka ɗauka da waɗanda suka kammala. Na biyu sakamakon gwaje-gwajen ƙuri'a da aka ambata a sama. Ba a ba su nauyi ɗaya ba: rahoton jarida yana faɗin abin da ya faru da waɗanda aka zaɓa, gwajin ƙuri'a kuwa shi ke nuna abin da horon ya ƙara musu a kan abin da za su samu ko ba da shi ba. An yi wa kowane shiri tambayoyi huɗu: yaya aka tace masu shiga, wa ya biya su lokacin koyo, wa ya ɗauke su daga baya, kuma mene ne tazarar da suka tsallaka.

4.0 Nazari

4.1 Bit Source: ɗauka kafin koyarwa

Wasu 'yan kasuwa biyu na garin Pikeville da ke gabashin Kentucky, Rusty Justice da Lynn Parrish, waɗanda dukiyarsu ta samo asali daga harkar kwal, su ne suka kafa Bit Source a 2014 a cikin tsohuwar masana'antar lemon Coca-Cola. Da suka yi tallar gurbi 10, mutum kusan 950 suka nema. An yi musu jarrabawa da ganawa, aka fitar da goma, aka fara horar da su a 2015 na tsawon mako 22 a kan HTML da CSS da JavaScript. Ana biyan su albashi tun ranar farko daga tallafin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, wanda ya biyo ta hannun hukumar samar da ayyuka ta gabashin Kentucky, wato EKCEP. Tara daga cikin goman sun ci gaba da aiki a kamfanin bayan horon.

Wannan shi ne labarin da jaridu suka yi ta yayatawa a matsayin raddi ga Bloomberg, kuma raddin ya tabbata. Sai dai akwai abubuwa biyu da yayatawar ta danne. Na farko, goma daga cikin 950 bai fi kashi ɗaya cikin ɗari da ɗoriya kaɗan ba. Duk al'ummar da aka yi wa irin wannan tankaɗe da rairaya, ta manoma ce ko ta direbobi, za a samu goman da za su iya rubuta manhaja. Don haka sakamakon bai ce komai ba game da sauran 940. Ƙari a kan haka, waɗanda aka zaɓa ba duka ne 'yan ƙarƙashin ƙasa ba. A cikinsu akwai masu kula da injuna da waɗanda suka riga suka saba da na'urori a wurin aikinsu na da.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, Bit Source ba makaranta ba ce. Kamfani ne da ya ɗauki ma'aikata sannan ya koyar da su. Mai koyo bai taɓa tsayawa da takardar shaida a hannu yana ƙwanƙwasa ƙofofi ba, domin malaminsa shi ne ubangidansa, kuma darasin ƙarshe ya zarce kai tsaye zuwa aikin kwastoma. Wannan ya kawar da babban shingen da ke gaban duk mai sauya sana'a yana da shekara arba'in, wato buƙatar shaidar gogewa da masu ɗaukar aiki ke gindayawa. Tsarin ya fi kusa da na telolin da Lave da Wenger suka bayyana fiye da na ajin jami'a. Amma shi ma yana da iyaka a jikinsa: kamfani ba zai ɗauki fiye da abin da kwangilolinsa za su ciyar ba, kuma samun kwangila daga cikin duwatsun Kentucky shi ne ya zamo aikin da ya fi koyarwar wuya.

4.2 Interapt da Mined Minds: alawus da alkawari

A 2016 kamfanin Interapt na birnin Louisville, ƙarƙashin Ankur Gopal, ya buɗe horo a garin Paintsville da tallafin sama da dala miliyan 2.7 daga Hukumar Raya Yankin Appalachia. Mutum wajen 800 suka nema, aka ɗauki 50, ana ba kowa dala 400 a mako, 35 suka kammala. Bayan aji akwai zangon koyon aiki da biya. Masaniyar zamantakewa Arlie Hochschild, wadda ta rubuta labarinsu a jaridar New York Times a 2018, ta nuna yadda rayuwar wasunsu ta sauya. Abin lura a nan shi ne da yawa daga cikinsu ba daga ramin kwal suka fito ba, daga ƙananan ayyukan da ba su biya sosai suka fito. Bambancin yana da ma'ana ta fuskar lissafi. Ga mai tsaron kanti, albashin sabon shiga a fasahar sadarwa hawa ne. Ga wanda ya saba da dala 70,000 a rami, yana da bashin gida da na mota gwargwadon wannan samu, albashin nan sauka ce, ko da za ta zama hawa nan da shekara biyar.

Mined Minds ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a Pennsylvania a 2015, ta faɗaɗa zuwa West Virginia da goyon bayan manyan 'yan siyasar jihar da tallafin dala miliyan 1.5 daga Hukumar Raya Yankin Appalachia. Ƙofarta a buɗe take, ba ta yi tsananin tacewa irin na sauran biyun ba, horon kuma kyauta ne, da fatan samun aiki a ƙarshe. A ƙarshen 2017 wasu tsofaffin ɗalibai suka kai ƙara kotu suna zargin cewa an yi musu alkawarin alawus da aiki ba a cika ba, kuma wasunsu sun ajiye ayyukansu ne domin shiga shirin. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun musanta zargin. Hukumar ilimi ta Pennsylvania kuma ta umarce su da su dakata saboda rashin lasisin makaranta. Rahoton New York Times na watan Mayun 2019 ya nuna cewa ƙalilan ne suka kai ga aikin rubuta manhaja.

Ba hurumin wannan maƙala ba ne yanke hukunci kan zargin. Abin da ya shafe ta shi ne tsarin. Horo na kyauta ba kyauta ba ne ga magidanci, domin kuɗin makaranta shi ne mafi ƙanƙantar abin da yake biya. Babban farashin shi ne watannin da zai yi ba ya kawo cefane. Idan ba a biya shi ba, shi ne ya zuba jarin, shi ne kuma zai ɗauki asarar in abin ya rushe. A Bit Source da Interapt gwamnati ce ta ɗauki wannan kasada, kamfani kuma ya ɗauki kasadar samar da gurbi. A Mined Minds kasadar biyu ta sauka a kan wanda ya fi kowa rauni a cikin yarjejeniyar.

Idan aka tara waɗanda suka fito daga zagayen farko na shirye-shiryen Kentucky biyu, ba su kai 50 ba, a yankin da ya rasa ayyukan kwal kusan 10,000.

4.3 Tazarar ayyuka: fasahar sadarwa ba sana'a ɗaya ba ce

Kuskuren da ya fi yi wa muhawarar illa shi ne mayar da fasahar sadarwa daidai da rubuta manhaja. A ƙarƙashin wannan suna akwai mai shimfiɗa wayar faiba da haɗa ta, da mai kula da cibiyar adana bayanai, da mai gyaran kwamfutocin ofis, da mai amsa kiran waɗanda na'ura ta rikice musu, da mai saita injunan da kwamfuta ke sarrafawa, sannan mai rubuta manhaja. Rubuta manhaja ita ce mafi nisa daga aikin rami, amma ita aka ɗaga a matsayin tuta.

Haƙar kwal ta zamani kuwa ba aikin diga da shebur ba ne. Injin da ke yankar kwal a ƙarƙashin ƙasa da na'urar nesa ake tuƙa shi. Akwai na'urorin auna iskar methane, da tsarin shigar da iska, da bel ɗin jigila mai tsawon kilomitoci, duk a kan lantarki mai ƙarfi. Ma'aikacin lantarki na rami yana da takardar ƙwarewa ta hukuma, kuma aikinsa na kullum shi ne karanta zanen wayoyi da bin diddigin matsala mataki mataki har ya gano inda ta ɓuya, yana sane da cewa kowane minti na tsayuwar inji asara ce. A rabon Autor da abokansa, wannan aikin warware matsala ne, ko da yake da hannu ake yin sa. Tsakaninsa da aikin mai kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta taku kaɗan ne.

A wannan yankin ma an gwada gajerun tsallen. Kwalejin fasaha ta garin Hazard ta horar da tsofaffin ma'aikatan kwal aikin layukan lantarki da na faiba. Cibiyar eKAMI da Kathy Walker ta buɗe a Paintsville a 2017 tana koyar da sarrafa injunan sassaƙa ƙarfe masu aiki da kwamfuta cikin 'yan watanni, wasu daga cikin ɗalibanta kuma sun zarce zuwa kamfanonin mutum-mutumin masana'antu. Shi ma Per Scholas, wanda ke cikin shirye-shiryen da suka fi shaida mai ƙarfi, ya yi suna ne da horon mako 15 a kan gyara da tallafin kwamfuta zuwa ga takardar CompTIA A+. Waɗannan hanyoyi ba su samu rabin hasken da aka haska wa Bit Source ba, wataƙila domin mutum a saman turken waya bai kai mutum a gaban allo daɗin hoto a shafin jarida ba.

Akwai wata tazara da alƙaluma ba su cika kamawa ba, ta yanayin aiki. Mai aikin rami ya saba da ƙungiyar da ran kowa ke hannun ɗan'uwansa, da aikin da ake ganin sakamakonsa a ƙarshen yini. Zaman sa'a takwas a kujera ana farautar kuskuren harafi ɗaya wata tarbiyya ce dabam, kuma ba kowane mai basira ne ke son ta ba.

4.4 Wuri da kasuwa

An gina fatan yankin a kan cewa aikin kwamfuta ba ya buƙatar ƙaura. Wannan gaskiya ne idan akwai intanet mai ƙarfi. Shirin KentuckyWired na shimfiɗa faiba mai tsawon mil 3,000, wanda aka ƙaddamar a tsakiyar shekarun 2010, ya yi jinkirin shekaru, kuɗinsa kuma ya zarce kasafi. Ke nan an fara horar da mutane kafin hanyar da za su bi su kai ga kasuwa ta kammala, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Inda aka riga aka yi shirin, kamar gundumar Jackson da ƙungiyar wayar tarho ta gama-kai ta kai wa kowane gida faiba tun wajen 2014, ayyukan nesa sun shigo da ɗaruruwa ta hanyar shirin Teleworks USA. Sai dai mafi yawansu na amsa kiran kwastomomi ne, albashinsu kuma bai kusanci na rami ba.

Ko da intanet ya wadata, sabon shiga ya fi kowa buƙatar zama kusa da gwanaye. Kamfanoni sun fi sakin jiki su bar gogagge ya yi aiki daga gida fiye da wanda ke buƙatar a duba masa aikinsa kullum. Wanda aka horar a ƙauye yakan tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu: ya tafi Lexington ko Louisville, yankin ya yi asararsa, ko ya zauna ƙwarewar ta yi tsatsa.

4.5 Ƙuncewar ƙofar shiga bayan 2022

Duk misalan da aka kawo sun faru ne a lokacin da kasuwar masu rubuta manhaja ke bunƙasa. Tun a lokacin ma akwai alamu, domin manyan makarantun gaggawa biyu na koyar da rubuta manhaja, Dev Bootcamp da The Iron Yard, sun rufe a 2017. Daga ƙarshen 2022 yanayin ya juya. Kamfanonin fasaha sun sallami ma'aikata fiye da 260,000 a 2023, a daidai lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su GitHub Copilot da ChatGPT suka fara yin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su. Brynjolfsson da Chandar da Chen (2025), da suka yi amfani da bayanan biyan albashi na Amurka, sun gano cewa ayyukan masu rubuta manhaja 'yan shekara 22 zuwa 25 sun ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari daga ƙololuwarsu ta ƙarshen 2022, alhali na manya bai ragu ba. Mai sauya sana'a, komai shekarunsa, a wannan layin na sababbin shiga yake tsayawa, yana gogayya da matasa masu digiri. Ayyukan da ke buƙatar hannu a jikin na'ura, irin su haɗa faiba da lantarkin cibiyoyin adana bayanai, su ne wannan sauyi bai taɓa kai tsaye ba, kuma su ne mafiya kusa da abin da mai aikin ƙarfi ya riga ya iya.

4.6 Abin da ya shafi Nijeriya

Arewacin Nijeriya ya ga irin wannan rushewa a masaƙun Kaduna da Kano. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta, ba tare da wani shiri mai ƙarfi na sake horar da ma'aikatan ba. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT ƙarƙashin minista Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan 3 a fasahar sadarwa, aka fara da rukunin 30,000. Burin ya ninka duk abin da aka gwada a Appalachia sau dubbai, don haka tambayoyi huɗun da aka yi a sama sun fi matsawa a nan.

Abin da ya kamata masu tsara manufofi su duba da kyau yana kasuwar Farm Centre ta Kano da ire-irenta. Tun bayan zuwan wayar salula a 2001, matasa da dama sun baro dako da gini da acaɓa sun shiga gyaran waya ta hanyar zama yaron shago. Yaro kan fara da aike da manna gilashin kariya, ya kai ga canja sikirin da bakin caji, sannan aikin dalma a kan allon waya, daga baya ya koyi filashin da buɗe manhaja a kwamfuta. Oga yana ba shi na abinci da na mota, kwastoma yana tsaye a gabansa tun ranar farko, kowane mataki kuma taku ɗaya ne daga wanda ya gabace shi. Sharuɗɗa ukun da maƙalar ta tsaya a kansu sun cika a nan ba tare da tallafin kowa ba. Raunin tsarin shi ne rufinsa gajere ne: babu takardar shaida da wani kamfanin sadarwa ko banki zai karɓa, babu kuma tsani daga teburin gyara zuwa kula da hanyoyin sadarwa ko tsaron bayanai. Horon da zai ɗauki wanda ya riga ya shekara uku a kan teburin gyara ya kai shi ga takardar ƙwarewa da ake karɓa zai tsallaka da shi tazara gajeriya, a kan kuɗi kaɗan, fiye da wanda zai ɗauko birkila ya zaunar da shi a ajin rubuta manhaja na mako 12. Alƙaluman da ya dace a nema daga kowane irin shiri su ne yawan waɗanda ke cin abinci da sana'ar bayan shekara biyu da kammalawa, da abin da suke samu idan aka kwatanta da waɗanda suka nema ba a ɗauke su ba.